Mutumin da Ya Fasa Gindin Rijiyarsa

Akwai wani mutum, magidanci, wanda mahaifinsa ya bar masa gadon rijiya a ƙofar gida. Rijiyar ba ta da wani kyan gani. Gungumen itace biyu ne a bakinta, igiya ta ci su har ta yi musu zane. Amma tun da aka haƙa ta ba a taɓa jin ta ƙafe ba, gidaje bakwai ne suke sha daga cikinta.

Tun mutumin yana saurayi mahaifinsa yake saukar da shi ciki kowace bazara domin ya yashe ta. Ran da ya fara sauka, tsohon ya leƙo daga sama ya ce masa, "Ka kwashe laka da tsofaffin gugan da suka tsinke, har ka kai ga baƙin yumɓu mai tauri. In ka kai nan, ka tsaya, ka fito."

Ya ce, "Baba, me ke ƙarƙashin yumɓun?"

Tsohon ya ce, "Ban sani ba."

"To, ruwan daga ina yake zuwa?"

"Wannan ma ban sani ba, ɗana. Shekara arba'in ina sha. Abin da na sani shi ne, da safe yana nan."

Amsar nan ba ta gamshe shi ba. Kada ku ɗauka mugu ne. Mai kirki ne, mai hannun kyauta, kuma Allah ya ba shi kai. In dawar maƙwabci ta lalace, shi zai faɗi dalili. In akuya ta yi ɓari, shi zai faɗi abin da ta ci. Sau da yawa kuma gaskiyarsa ce. Lahaninsa ɗaya ne: kalmar nan "ban sani ba" ta fi masa maɗaci ɗaci, ya gwammace ya wuni da yunwa da a ji ta a bakinsa.

Tsohon ya rasu, shekaru suka wuce. Sai wata shekara damina ta yi gardama, ruwan sama ya ɗauke tun hatsi bai nuna ba. Kafin bazara ta raba, rijiyoyin ƙauyen sun ƙafe ɗaya bayan ɗaya, saura tasa. Ita ma ta ja baya. Ruwan da a dā yake shanye mutum a tsaye, yanzu iyakarsa gwiwa. Mata sukan zo da sassafe su ja, kafin hantsi guga sai ya fito da laka. Kashegari kuma ruwan ya dawo daidai gwiwa, bai ƙaru ba, bai ragu ba. Yana isa a sha, a dafa, a ba dabbobi kaɗan, ba a kwana da saura.

A lokacin nan matarsa tana da ciki wata bakwai, bayan sun yi shekara tara suna roƙon Allah haihuwa.

Tsoro ya kama mutumin, ni kuwa ban ga laifinsa a nan ba. Wa zai ga mace da tsohon ciki, ga rana kamar wuta, ga ruwa iya gwiwa, ya ce hankalinsa a kwance yake? Kullum yakan leƙa rijiyar sau biyar, sau shida. Wata safiya wata tsohuwa maƙwabciyarsu, wadda ta san shi tun yana goye, ta ajiye tulunta ta ce masa, "Ɗana, kai ne mai sani. Ruwan nan zai kai mu damina kuwa?"

Ya ce, "Zai kai, Iya."

Amma bayan ta tafi, maganar ta tsaya masa a rai, gama ya san bai sani ba. Ya shiga gida ya ce wa matarsa, "Yau zan fasa yumɓun nan in ga idon ruwan. In na gan shi, zan san yawan abin da ya rage mana."

Ta ce, "Maigida, jiya ta ba mu, yau ma ta ba mu. Don Allah ka bar ta."

"Gobe fa?"

"Goben ai ba a hannunmu take ba. Baba ya ce a tsaya a yumɓun."

Ya ce, "Baba bai sani ba ne, shi da bakinsa ya faɗa. Ni ba zan zauna da iyali a kan abin da ban sani ba."

Da rana ta take, kowa ya fake a inuwa, ya ɗaura igiya a gungumen, ya sauka da dagi a hannu. Ruwan da ya rage bai wuce idon sawu ba. Ya kafa dagin a tsakiyar yumɓun ya shiga sara. Yumɓun yana da tauri ƙwarai, kamar yana ba shi lokaci ya sake tunani, amma shi taurin nan ya ƙara masa zuciya. Ya ce a ransa, abin da aka rufe haka da ƙarfi, lalle babba ne.

Can wajen la'asar dagin ya zurma har rabi. Ya zare shi, ya ja da baya, yana jiran ruwa ya ɓulɓulo. Sai ya ji wani sauti kamar mai ƙishi yana kwankwaɗa. Ɗan ruwan da ke ƙafafunsa ya juya, ya bi ramin, ya tafi. Ya durƙusa ya zura hannu har kafaɗa, ya damƙo abin da ke ƙasa, ya ɗaga shi wajen haske. Farin yashi ne, busasshe.

A sa'an nan ne ya lura da abin da bai taɓa lura da shi ba. Ruwan yana tsatsafowa ne kaɗan kaɗan daga jikin rijiyar, ta wurare da yawa, yana gangarowa ya taru a kan yumɓun. Ashe yumɓun nan ba ɓoye masa ruwa yake yi ba, riƙe masa shi yake yi. Yanzu kuwa duk abin da ya gangaro, ramin yake bi.

Ya cusa duwatsu, ya cusa tsumma, ya kwaɓa yumɓun da ya sare ya liƙa. Duk inda ya danna, gefen ramin sai ya ƙara zubawa. Kwana uku yana fama, ramin da ya fara kamar bakin tulu ya zama kamar bakin randa. Mata suka zo da safe suka zura guga, suka ji ya bugi ƙasa, suka tsaya suna duban juna. Suka ɗauki tulunansu suka koma.

Ruwa mafi kusa yana wani rafi ne, tafiyar rabin yini, inda ake tona yashi a jira ya taru. Mutumin ya ɗauki tuluna ya bi hanya, ya je ya dawo, har ƙafafunsa suka farfashe. Amma abin da mutum ɗaya zai ɗauko bai isa gida da dabbobi ba. Matar ta ga haka, ta ɗauki nata tulun ta bi sauran mata, ko da yake ya hana ta. A rana ta goma sha biyu naƙuda ta kama ta a hanya, lokaci bai yi ba. Mata suka kewaye ta da zannuwansu a gindin wata ƙaya, ta haifi ɗa namiji. Yaron ya yi numfashi har faɗuwar rana, sa'an nan ya daina. Uban ya haƙa masa ɗan kabari a bayan gida da dagin nan dai, gama ba shi da wani.

Matar ta rayu. Ba ta taɓa ce masa "na faɗa maka" ba, kuma shirun nan nata ya fi masa zagi zafi.

Mako guda bayan haka hadari ya haɗo, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Rijiyoyin ƙauyen duk suka kawo. Tasa ta karɓi duk abin da aka zuba mata, ba ta riƙe ko cikin moɗa ba. Tsohuwar nan ta zo wucewa ta tarar da shi yana rufe bakin rijiyar da ƙaya, don kada yara su faɗa. Ta yi masa gaisuwar rashi, ta tsaya.

Ta ce, "Ɗana, an ce ka ga ƙarƙashin. Me ke can?"

Ya ce, "Yashi, Iya."

"To, ruwan daga ina yake zuwa?"

Ya ajiye ƙayar da ke hannunsa. Sa'an nan ya ce, "Ban sani ba, Iya."

Ta ce, "Haka mahaifinka yakan ce. Sai dai shi yakan faɗa da ruwa a randa."

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwana, ga ta. Rijiyar ita ce alherin Allah, ruwan da yake dawowa kowace safiya kuwa shi ne abin da Ubangiji yake ba mu na yini guda: ƙarfin tashi, abincin yau, haƙurin da zai kai mu yamma. Ba ya cika mana randar shekara. Baƙin yumɓun shi ne iyakar da ya sa wa saninmu. Mu muna ganinsa kamar ƙofa ce da aka rufe mana don rowa, alhali sau da yawa shi ne yake riƙe da ɗan abin da muke sha. Da an nuna wa waninmu duk abin da zai same shi nan da shekara goma, da bai iya cin tuwon yau ba.

Ku lura, tambaya ba zunubi ba ce. Da saurayin ya tambayi mahaifinsa, tsohon bai tsawata masa ba. Mai Cetonmu kansa, a kan gicciye, ya ɗaga murya ya tambayi Uban dalili. Ba a amsa masa daga sama a ranar ba, duk da haka a hannun Uban nan ya miƙa ransa. Inda mutumin nan ya faɗi shi ne ran da ya ce ba zai dogara ba sai ya gane. Tun daga nan ya bar matsayin mai sha, ya hau kujerar mai bincike, ya sa Allah a gabansa ya ba da bayani. Girmankai ke nan, ko da ya sa rigar kula da iyali.

Kada kuma wani ya ce wannan labarin mutanen dā ne. Da idona na ga dagin nan a cikin ikkilisiya. Yaro ya rasu, iyaye ba su iya zama da "ba mu sani ba", sai su tafi wurin wani mai cewa yana gani har hanji, ko boka ne ko mai riƙe da littafi mai tsarki a hammata. Shi kuwa ba ya rasa amsa. Zai ce gwaggon yaron ce, ko matar wan uban. Su dawo gida da amsa a hannu, zumuncin shekara hamsin ya tsiyaye a yini ɗaya, yaron kuma bai dawo ba. Garin neman gira an rasa ido.

Ni ma ba zan wanke kaina ba. Ina sabon mai hidima, aka kira ni gidan wani dattijo mai suna Dogara, wanda tsawa ta kashe masa ɗa a gona. Ya riƙe hannuna ya ce, "Fasto, don me?" Na ji kunyar in ce ban sani ba, sai na buɗe baki na yi ta zuba masa bayani, ina tsara wa Allah dalilai kamar tare muka yi shawara. Dattijon ya saurare ni har na gama, ya sake hannuna a hankali. Bai ƙara tambayata kome ba har ya bar duniya. Shekara ashirin ke nan, abin yana cina har yau. Da na zauna kusa da shi na yi kuka, da na bar masa ɗan ruwan da ya rage masa.

Tawali'u ba wauta ba ne, ba kuma lalaci ba. Tsohon nan yakan yashe rijiyarsa kowace shekara. Abin da aka ba mu mu sani, mu neme shi da iyakar ƙarfinmu: mu karanta Maganar Allah, mu kai mara lafiya asibiti, mu gyara abin da hannunmu zai iya gyarawa. In mun kai yumɓun, mu ajiye dagi mu fito. Kowa a cikinmu zai ce "ban sani ba" wata rana, wannan ba makawa. Abin da ya rage gare mu shi ne ko mu faɗa a bakin rijiya mai ruwa, ko mu faɗa muna rufe ta da ƙaya.

Na san akwai tambayar da take cin wasunku tun ɗazu, musamman ku iyaye mata. Matar nan me ta yi? Ita ce ta ba da gaskiya, ita ce ta ce a bari. Don me ɗanta ne ya mutu, bayan shekara tara tana roƙo? Kuna jira in warware muku wannan kafin mu tashi.

Ban sani ba. Nan ne yumɓun, a nan ni ma na tsaya. Abin da na sani shi ne, wanda ya ba mu jiya ya ba mu yau. Gobe da safe kowa ya zo da tulunsa.