Kabewar Kuluwa da Dangar Tasalla

Dalilin da ya sa kabewa ba ta zama inda aka shuka ta, yara, ku matso ku ji. A da can a tsaye take kamar kuɓewa, 'ya'yanta na reto a jikinta.

A wani ƙauye an yi wata tsohuwa, Kuluwa, mai riƙon jikokinta marayu. Duk abin da ta mallaka ɗan fili ne a bayan ɗaki, inda ta shuka yakuwa da barkono, da kabewa guda a tsakiya. Daga nan miyar gidan ke fitowa.

Wata shekara ruwa ya ɗauke ana tsakiyar damina. Kuluwa ta shiga jigilar ruwa daga rijiyar bakin gari, tulu a ka, baya na ciwo. Yakuwa ta sha kaɗan ta gode, barkono ma haka. Kabewa kuwa sai ta shanye tulu guda ta ce, "Inna, ko da saura?"

"Saura? Wai ke shuka ce ko rami?"

Ga ganyenta fankama-fankama ya tare wa barkono rana. Da 'ya'yanta suka girma kuma, nauyi ya rinjaye ta. Kuluwa ta saro gwafa ta tokare ta, gwafa ta karye. Ta saro wata. Ran nan ta dawo daga rijiya, ta sauke tulu ke nan, ɗaya daga cikin 'ya'yan ya tsinko, tim, a kan tulun. Ya yi raga-raga, ruwa ya bi ƙasa. Kuma shi ke nan tulunta.

Kuluwa ta riƙe ƙugu. "Na gaji! Ki tafi duk inda za ki, in huta da ke!"

Ashe maƙwabciyarta Tasalla tana leƙe ta saman danga. Ta ce, "Haba Yaya, kyakkyawar kabewa irin wannan ake kora? Da a gidana take, ko tsawa ba zan yi mata ba."

Kabewa ta ji. Ta yunƙura za ta tafi, saiwa ta ƙi fita. Sai ta kwanta a ƙasa ta fara rarrafe, yau kaɗan gobe kaɗan, har ta hau danga ta dira gidan Tasalla. Can ta baje, ta yi 'ya'ya manya-manya.

Sai da jikoki suka fara kukan miyar taushe Kuluwa ta ga ɓarnar da bakinta ya yi. Ta kama kabewa ta ja, amma ta riga ta fito da 'yan siraran hannuwa ta nannaɗe danga gam.

"Ki dawo gida, ja'ira!"

"Ke kika ce in tafi, Inna. Amma ƙafata na nan wurinki, kada ki manta da ruwana."

Kuluwa ta zaga gidan Tasalla a fusace. Tasalla ta ce, "Ni ban kira ta ba, Yaya. Baƙuwa ta shigo da kanta, in kore ta?"

Da Kuluwa ta koma gida ta rantse ba za ta ƙara ba kabewa ko ɗigo ba. Ganye ya fara yaushi. Ta dubi jikokinta, ta ga in kabewar ta mutu kowa ya rasa. Ta ja tsaki, ta ari tulu, ta nufi rijiya.

Da kabewa ta nuna, Tasalla ta miƙo mata rabi ta saman danga. "Ga wannan, a yi wa yara miya."

Kuluwa ta karɓa tana huci. "Ni da shuka, ni da taki, ni da ɗaukar ruwa, kuma ni ake sam mawa! Har sai na ce na gode?"

"To, da dai ya fi kyau, Yaya."

Shi ya sa har yau, in ka shuka kabewa a bayan ɗakinka, saiwarta ce kawai taka. Za ta sha ruwanka ta ci takinka, ta rarrafa ta hau danga, ta je ta ajiye babban ɗanta a gidan maƙwabci.