Gorar Malam Barau da Takardu Uku

A shekarar da gwiwoyin Malam Barau suka fara ƙin kai shi zagayen fili, ya tara 'yan wasansa a gindin dalbejiyar da ke bayan makarantar firamare, ya ce musu wannan ce kakar wasa ta ƙarshe da zai horar da su. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana riƙe da ƙungiyar ƙwallon gora ta unguwar Layin Dogo, wasan da wasu ke kira hoki. Ya ɗaga tsohuwar gorarsa, wadda aka naɗe mariƙinta da robar tayar keke, ya ce duk wanda ya miƙa wa ita a ƙarshen kaka, shi ne zai gaji ƙungiyar.

Dattijon yana da wata al'ada. Ranar da za a buɗe kaka, yakan rubuta wa kowane ɗan wasa 'yar takarda, ya sa abin da yake sa ran gani daga gare shi, ya ninke, ya jefa cikin gwangwanin madara, ya rufe. Ba mai leƙawa sai an tashi wasan ƙarshe. Yakan ce shi ba ya auna mutum da ɗan'uwansa, da takardarsa yake auna shi. Don haka gorar, in ji shi, ta wanda ya fi fita kunyar takardarsa ce.

To, ku riƙe sunaye uku.

Na farko Sallau, tela ne a bakin kasuwa, kuma shi ne mai ci wa ƙungiyar ƙwallo. A kakar da ta wuce sau goma sha uku ya zura a raga, sunansa ya kai kunnen kowa. Abin da ya jawo masa ke nan. Duk inda suka je, sai a sa mutum biyu su manne masa kamar ƙaya a riga. Wasa huɗu suka wuce bai ci ko ɗaya ba, aka lallasa su a uku. Wata la'asar ya sami Malam Barau yana yayyafa wa fili ruwa, ya ce, "Baba, mayar da ni tsakiya. Tun da ni suke so, bari in riƙa jan su yawo." Dattijon bai so ba, don ya san abin da ya rubuta, amma ya yarda. Daga ranar Sallau ya riƙa janye masu gadinsa zuwa gefe, yana tura ƙwallo cikin gurbin da suka bari.

Na biyu Haladu, mai facin taya. Bahago ne, ita kuwa gorar wannan wasa ba a sassaƙa ta don bahagwai, kuma fuska ɗaya kawai aka yarda a buga da ita. Shekara biyu yana zaman benci, in an sa shi sai ya buga da bayan gora, alƙali ya hura usur, 'yan kallo su kwashe da dariya. Ashe duk safiya kafin ya buɗe rumfarsa yana garar da ƙwallo a jikin bango, yana koyon kifa gorar da hannunsa mai ƙarfi. Da Sallau ya koma tsakiya aka rasa na sawa a gaba ta hagu, aka ce to Haladu ya tsaya, ko ba komai ya cika lamba. Ƙwallo goma sha ɗaya ya ci. Tara daga ciki Sallau ne ya ajiye masa su a bakin gora.

Na uku Nomau, malamin lissafi, mai tsaron raga, ɗan shekara arba'in da ɗaya. Shi ba a da wani labari a kansa, kuma abin lura ke nan. Bai fashi horo ko sau ɗaya ba. A makonnin nan huɗu da ake ta cin su, da rabin 'yan wasa suka fara neman uzuri, shi ne yake riga kowa zuwa ya share tsakuwa daga fili, ya ɗaura sulkensa mai nauyi a cikin rana, ya tsaya. Ganin sa tsaye shi ya hana sauran watsewa. Haka yake yi shekara goma sha biyu, har mutane suka daina gani.

Ranar wasan ƙarshe, in ba su ci ba za a sauke su zuwa rukunin da ke ƙasa da nasu, Malam Barau kuwa ya ce ba zai miƙa wa kowa ƙungiyar da ta faɗi ba, gara ya tafi da gorarsa gida. Saura minti uku ba wanda ya ci wani, ƙwallo ta taɓa ƙafar ɗan bayansu a bakin raga, abin da yake laifi a wannan wasa, alƙali ya ba abokan karawa bugun daga kai sai mai tsaron gida. Nomau ya miƙa hannun hagu ya tare. Da aka ci gaba da wasa Sallau ya ɗauko ta daga tsakiya, mutum biyu na binsa, har ya shiga da'irar da sai a cikinta ake cin ƙwallo. Yana iya bugawa, jama'a ma ihun da suke yi masa ke nan. Sai ya tura ta hagu. Haladu ya kifa gora, ƙwallo ta shige, katakon raga ya amsa.

Washegari bayan la'asar aka hallara a gindin dalbejiya. Malam Barau ya ɗora gorar a cinyarsa, ya sa tabarau, ya buɗe gwangwani.

"Sallau," ya karanta. "Goma sha biyar."

"Nawa ka ci, Tela?" in ji Nomau, kamar bai sani ba.

"Huɗu."

"Ka ci jarrabawa da huɗu bisa sha biyar? A ajina tsallen kwaɗo za ka yi."

"Tambayi bahagon can wa ya ɗinka masa nasa," in ji Sallau.

Malam Barau ya warware ta biyu, ya yi gyaran murya. "Haladu. In ya gama kaka bai fasa wa kowa baki ba, an gode Allah."

Dariya ta ɓarke har da masu faɗuwa daga benci. Haladu ya dafe kai. "Haba Baba! Iyakar zaton da ka yi mini ke nan?"

"Iyakarsa ke nan, ɗana. Ni ma takardar ta auna ni."

Ta uku kalma uku ce kacal. "Nomau. Yadda ya saba."

Ba wanda ya yi dariya. Nomau ya sunkuyar da kai yana wasa da igiyar takalminsa.

Dattijon ya jera takardun uku a kan gwiwarsa yana dubansu. Ɗaya ya gaza abin da aka rubuta masa nesa ba kusa ba, kuma da gangan ya gaza, don da ya nace sai ya cika lambarsa da tuni sun faɗi. Ɗaya ya wuce takardarsa ya ba ta rata mai nisa, sai dai takardar a ƙasa take, kuma da hannun wani aka ɗaga shi. Ɗaya bai ƙara ba bai rage ba, amma abin da aka nema gare shi shi ne ya sake yin abin da ya gagari kowa, a shekarun da sa'o'insa suka koma 'yan kallo. Da Nomau bai tare ba, da babu abin da Sallau zai ɗauko. Da Sallau bai ba da ita ba, da Haladu yana nan tsaye da gora a banza. Da Haladu bai ci ba, da ba a buɗe gwangwanin don a ba kowa komai ba.

Inuwar dalbejiya ta kai tsakiyar fili, ladan ya fara gyara lasifika, gorar tana nan a cinyar Malam Barau.

To, ku da kuka ji, ku raba masa gardama: tsakanin wanda ya gaza takardarsa don 'yan'uwansa, da wanda ya wuce tasa, da wanda ya cika tasa cif, wa zai miƙa wa gorar?