Ranar da Giwa Ta Hana Zaki Naɗa Alƙali

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta.

A zamanin da, lokacin da maganar dattawa ke da nauyi a daji, Zaki ne gwamna. Da alƙali Kunkuru ya rasu, sai Zaki ya ce zai naɗa Kura, mai cin ragowarsa.

Giwa ta ce, "Ranka ya daɗe, doka ba ta ba ka wannan ba. Dattawa ke zaɓa, taron dabbobi ya amince, kai kuma ka ɗaura rawani."

Zaki ya ce, "Ni da dajina?"

Ta ce, "Dajinmu dai. Gobe in Barewa ta kai ƙararka, gaban wa za ta tsaya?"

Zaki ya yi gurnani, amma ya haƙura. Aka zaɓi Ɓauna, ya naɗa shi. Ba a jima ba Barewa ta kai ƙarar Zaki don ya hana ta shan ruwan tafki, Ɓauna ya ba ta gaskiya. Ranar nan, Zaki ko abinci bai ci ba.

Da ya tsufa, wani matashin zaki ya hau mulki, ya naɗa Kura alƙali da kansa, ba wanda ya ce uffan. Shari'arta ta farko, ta ƙwace kogon tsohon Zaki.

Tsohon Zaki ya ja ƙafa zuwa wurin Giwa, ya ce, "Yaya, ina ma a dawo da ranar da kika hana ni."

Ta ce, "Hanawa ba wuya. Mai ji irinka muka rasa."

Ƙurunƙus kan ɓera, in ba don Gizo ba da na yi muku ƙarya.