Maƙogwaron Alhaji Ɗanjuma

Alhaji Ɗanjuma mai otal kullum rantsuwa yake bai taɓa ɗanɗana giya ba. Ran nan, a gaban baƙi, ya dire wa kukunsa Tanimu kwalaben giya biyu daga Amurka.

"Ga wuski, ga bodka. Faɗa mini wadda ta fi daɗi. In ka sha, na kore ka. In ka kasa, na kore ka."

Tanimu ya nuna bodka. "Wannan ce, ranka ya daɗe."

"Ƙarya kake! Wannan mai ƙona maƙogwaro? Ai wuskin nan kamar zuma yake wucewa!"

Tanimu ya durƙusa. "Tuba nake, Alhaji. Ashe ku waliyyai da ido kuke jin ɗanɗano."

Baƙi suka tuntsure da dariya. Alhaji ya gyara hula, ya ce, "Tashi ka koma kicin."