Gizo Mai Awon Siminti

"Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa."

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

Wata shekara dabbobi suka gaji da ninƙaya a rafi duk lokacin da za su gona. Suka haɗa siminti buhu goma, suka kira Zanzaro, wanda duk dajin babu maginin da ya kai shi, ya yi musu gada kafin damina.

Zanzaro ya ce, "Kankare ba ya son gardama. Siminti kwano ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Wa zai riƙe mini awo?"

Gizo ya miƙe. "Ni, maigida. Mai ƙafa takwas ai ba a koya masa ƙirga."

Ashe matarsa Ƙoƙi ta daɗe tana yi masa mitar daɓen ɗakinta. Sai Gizo ya laɓe bayan tulin yashi, yana auna siminti da ɗan kwanon sha, yashi da tsakuwa kuwa da ƙaton masaki. Simintin da ya ragu, ya tura gida.

Rana ta farko Zanzaro ya ce, "Gizo, kwaɓin nan ya yi fari."

"Hasken rana ne, maigida. Ɗaya, biyu, huɗu."

Rana ta biyu ya ce, "Kwaɓin nan ba shi da danƙo."

"Hannunka ne ya bushe. Ɗaya, biyu, huɗu."

Rana ta uku Zanzaro ya murza kwaɓin, ya dubi Gizo, ya ci gaba da aikinsa.

Aka yi mako uku ana ba gada ruwa don ta yi ƙarfi. Ranar cire katakon da ya tallafe gadar, Zanzaro ya ce, "A gidanmu na magina, mai awo shi ke zama ƙarƙashin gada ranar da aka fara taka ta. Bismilla, Malam Gizo."

Gizo ya shiga, yana murmushin dole.

Akuya ta wuce, yashi ya zubo masa a ka. Ya ce, "Ƙura ce kawai."

Jaki ya wuce da mangala, tsakuwa ta faɗo masa a baya. Ya ce, "Ba ta da nauyi."

Giwa ta taho, ta ɗaga ƙafa ɗaya.

"Hajiya, dakata," in ji Gizo. "Maigida, wai dole ne kwanon ya zama iri ɗaya?"

Zanzaro ya ce, "Fito ka nuna mana naka."

Da dabbobin suka ga kwanon sha da masaki, aka tasa ƙeyarsa har gida, aka kwaso buhu bakwai daga ƙarƙashin gadon Ƙoƙi. Aka rushe gadar, aka sake ta, kuma duk yashin da tsakuwar a kan Gizo aka ɗauko su, kwano bayan kwano, har ƙugunsa ya tsuke kamar yadda kuke ganinsa yau.

To, jikokina, in an ba ku awo, ku auna komai da kwano guda. Wanda ya ƙwari aikin jama'a, wata rana shi zai zauna ƙarƙashinsa.

Nan ta tsaya, ƙungurus kan ɗan kusu.