Hasken da Illa Ya Gani Ya Yi Shiru

Akwai wani saurayi mai suna Illa da ya dawo Damagaram bayan shekaru yana karatu a waje. Ya tarar famfon unguwarsu Kara-Kara ya kafe, 'yan kabu-kabu sun cika titi, abokansa rabi sun tafi Libiya. Mahaifinsa ya rasu, gonarsa ta ƙauyen Garagumsa kuwa baffansa Tahiru ya haɗe ta cikin gandunsa. Ita wannan ce ta tsaya wa Illa a wuya.

Da ya je neman bayani, Tahiru ya yi dariya gaban mutane, ya ce ɗan lakwal, wato ɗan boko, da bai san gero da maiwa ba, me zai yi da gona? Illa ya haɗiye, amma bai manta ba.

Aikinsa kuwa na ban mamaki ne. Yana haɗa wata ƙura da ido ba ya gani, ya sa ta cikin ƙwayoyin saiwar shuka mai rai. In ƙurar ta gamu da sinadarin kalsiyam, sai ta yi haske. Da ƙishi ya taɓa saiwa, kalsiyam kan taso, kamar mai kai saƙo cewa a tsuke ruwa. A gwajinsa, irin da ya yi saurin haske shi ya fi jure fari.

Shekarar ga shi an fito daga fari, ana tsoron wani. Manoman Garagumsa suka aiko da irinsu ya duba a labo, ɗakin gwajin da yake aiki. Tahiru ma ya aiko da wani sabon gero da ya samo wurin wani ɗan kasuwa, manyan tsaba masu kyawun gani.

Illa ya tsirar da su, ya sa ƙurar, ya hana su ruwa, sannan ya duba a madubin ƙara girma. Tsohon irin ƙauye ya kama walwali kamar taurari. Na Tahiru da ƙyar ya motsa.

Ya gaya wa kowane manomi gaskiyar irinsa. Da Tahiru ya tambaya, sai ya ce:

"Naka ba laifi, Baffa. Shuka."

Ruwa ya sauka, aka shuka, ruwa ya ɗauke. Gonakin maƙwabta suka lanƙwashe amma suka riƙe. Gandun Tahiru ya ƙone ƙurmus. Illa ya hau mota zuwa ƙauye takanas, don kawai ya ga fuskar baffansa. Ya gani kuwa, ya ji sanyi a ransa.

Daga nan ya zagaya gayaunar mahaifiyarsa Rakiya, 'yar gonarta ta kanta. Ita ma ta ƙone.

Abin da dogon zaman waje ya mantar da shi ke nan: a gidan gandu, iri daga hannun mai gida yake fitowa, shi ke ɗiba wa kowa, har matar mamaci. Rakiya ta ce tana da ɗan tsohon iri a gora, amma da Tahiru ya zo da murna ya ce ɗansu ya duba sabon ya yaba, sai ta daka nata ta yi wa ƙannensa kunu.

"Ai maganarka ce, Illa," ta ce. "In ban yarda da kai ba, da wa zan yarda?"

Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa, sannan ta tambaye shi a hankali ko ya sani tun farko. Ya kau da kai, nan ta gane ya sani.

Yanzu haka yana Kara-Kara yana ɗaure kaya, wai zai koma waje ya nemi abin da zai ciyar da gidan. Ya aika a gaya mata zai tafi. Ta ce Allah Ya kiyaye hanya, ba sai ya biyo ba.

Darasi: Wutar ramuwa ba ta san iyakar gona ba. In Allah Ya ba ka ilimin ganin abin da wasu ba sa gani, amana ce, kada ka mai da ita wuƙa. Ku tura wa wanda kuka san yana dafa wani a ransa.