Motar da Mailafiya Bai Gama Ba

A garin Kudan, shekara guda bayan samun 'yancin kai, an yi wani mai gyaran keke da ake kira Mailafiya. Gwani ne, wannan ba na musu. Daga ƙauyuka ake turo masa kekuna, domin in ya ce ya gyara, mutum hawa yake yi ba ya ko dubawa. Matsalarsa ɗaya ce, bakinsa bai iya furta "ban iya ba" ko "ban gama ba".

Da wani Baturen gona zai koma gida, sai Mailafiya ya sayi tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya, mai rufaffen baya, wadda ta daɗe a kwance. Shanu biyu suka jawo ta har gaban rumfarsa. Shekara biyu yana kanta. Ya yanka mata tagogi, ya kafa bencin katako, ya shafa mata fenti kore da fari, ya ɗaura mata ƙararrawar keke har guda uku. Injin ma ya lallaɓa shi har ya tashi. Birki ne kawai ya gagare shi, kuma tambaya ita ce abin da ba zai yi ba. Maimakon ya je Zariya ya nemi man birki, sai ya ɗura mata man gyaɗa, tunda da shi yake shafe sarƙar keke. Yau birkin ya kama, gobe ya ƙi.

Gonarsa ta sha ciyawa saboda motar, rumbu ya yi ƙasa, dole ta sa shi neman mai saye. Wani bakanike daga Zariya, Zainulabidin, ya zo ya shiga ƙarƙashinta ya fito.

"Malam Mailafiya, ka yi ƙoƙari," in ji shi. "Zan saya a matsayin aikin da ba a gama ba, in ja ta in ƙarasa. Ba zan karya maka farashi ba."

Mailafiya ya miƙe tsaye. "Wa ya ce maka ba a gama ba? Albarka! Kama hanyarka."

Yayansa Tanko yana wurin. Da baƙon ya tafi, ya ce, "Kai, wane irin taurin kai ne wannan? Mutum ya zo da mutunci. Ka faɗi gaskiyar abin da ya rage, ka karɓi rabonka."

"Yaya, in sayar da rabin aiki, a riƙa nuna ni a kasuwa ana cewa ga wanda mota ta kayar? Wallahi ba da ni ba."

Da kaka ta kama aka fara matse rake, sai dillali ya kawo Malam Abdulsalami na Makarfi, mai fataucin mazarƙwaila, wato ruwan rake da ake dafawa ya daskare. Jakuna sun ishe shi, yana son mota. Fentin ya burge shi, ƙararrawa ta ƙarasa shi. Kamar yadda ake yi ko a cinikin doki, dillali ya tsaida shaidu, ya dubi mai kaya.

"Mailafiya, akwai aibin da ka sani?"

"Babu."

Dillali ya maimaita har sau uku. Tanko ya tsura wa ƙanensa ido, shi kuwa ya ɗaga haɓa ya ce, "Aikina ne. An gama, babu saura." Aka sallama, aka shafa fatiha. Tanko bai ɗaga hannu ba, ya kaɗa rigarsa ya bar wurin.

Da yake mai sayen bai samu direba ba tukuna, Mailafiya ya ce shi zai kai kayan farko kasuwar Ikara da kansa, kowa ya gani. Suka loda mazarƙwaila a Makarfi har rufi, amfanin masu rake da dama da suka ba Malam Abdulsalami amana ya sayar musu. Suka kama hanya da hantsi, Mailafiya yana ta kaɗa ƙararrawa.

Kafin Ikara akwai gangare mai sauka cikin rafi, kuma ruwan damina bai gama janyewa ba. Mailafiya ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba abin da ya riƙe ta. Ya sake takawa, Malam Abdulsalami yana salati. Motar ta bar hanya, ta afka ruwa, ta kwanta a gefe. Allah ya kiyaye rayukansu, amma kafin mutane su taru su fara ɗebo kaya, mazarƙwaila ta jiƙe, ta fara narkewa, ruwan rafi ya koma ja.

Mailafiya ya fito jiƙe sharkaf yana cewa, "Ba laifin birki ba ne, lodi ne ya yi yawa!" Wani direban babbar mota da ya tsaya taimako ya buɗe kwalbar man birkin, ya dangwala da yatsa ya shinshina. "Jama'a," ya ce, "wannan ai man tuyan ƙosai ne."

A gaban alƙali shaidu suka faɗi abin da suka ji sau uku. Aka warware cinikin, aka ɗora wa Mailafiya asarar kayan. Ko a nan bai sunkuyar da kai ba, ya fito yana cewa hassada ce. Ya koma rumfarsa ya jera kayan aiki yana jiran masu keke. Mako ya wuce ba wanda ya tsaya.

Wata safiya sai ga Tanko yana turo kekensa, birki ya tsinke. Mailafiya ya tashi da sauri. "Kawo, Yaya, yanzu in gama maka."

Tanko bai tsaya ba. "Makarfi zan kai. 'Ya'yana ke hawa, kuma na ji yadda kake cewa an gama."

Darasin da ke nan shi ne, ba abin kunya ba ne mutum ya ce aikinsa bai ƙare ba, ko ya ce nan iyawarsa ta tsaya. Da Mailafiya ya sayar da motar yadda take, ya faɗi abin da ya rage, da ya ci halalinsa kuma sunansa na nan. Mai sana'a da maganarsa yake cin abinci. In za ka sayar da abu, faɗi aibinsa da bakinka, domin ranar da aka daina yarda da kalmarka, gwanintarka ba za ta ciyar da kai ba.